Haikalin Tanjawur: Hasumiyar Dutse a Ƙasar da Ba Ta da Dutse

Tambaya: Na ga hoton wani katafaren wurin bautar Hindu a kudancin Indiya, an ce ya haura shekara dubu. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa dutsen da ke ƙololuwarsa guda ɗaya ne mai nauyin tan 80, kuma wai inuwar hasumiyar ba ta sauka ƙasa. Don Allah ta yaya aka gina shi babu injin ɗaga kaya, me ya sa aka gina shi a wurin, kuma mutum nawa yake ɗauka idan sun taru ibada?

Amsa: Malam, ginin da ka gani shi ne haikalin Birhadishwara da ke birnin Tanjawur, a jihar Tamil Nadu. Mutanen garin ba sa wahalar da bakinsu da wannan dogon suna, Babban Haikali kawai suke ce masa. Sarki Rajaraja na Ɗaya na daular Cola, wanda ya yi mulki daga 985 zuwa 1014, shi ya gina shi domin Shiwa, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar Hindu. An kammala aikin a 1010, bayan kimanin shekara bakwai ana yi. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin in aka warware ta, sauran za su zo da sauƙi.

Mu da muka tashi da masallaci, da mun ga babban wurin ibada abin da ke fara zuwa mana shi ne sahu nawa zai ci. Masallaci ana faɗaɗa shi ne gwargwadon yawan jama'a, shi ya sa ake son fili a shimfiɗe da haske da iska. Haikalin Hindu ba a kan wannan lissafi aka ɗora shi ba. A wajen masu shi gida ne na abin bautarsu, kuma hidimar da suke yi masa irin ta fada ce: a tashe shi da asuba da kiɗa, a yi masa wanka, a sa masa tufafi da furanni, a kai masa abinci, da dare a rufe ƙofa. Mai ziyara yana zuwa ne ya tsaya a bakin ƙofa ya gani, a imaninsa shi ma a gan shi, abin da suke kira darshan. Sai a miƙo masa toka ya shafa a goshi, ya wuce, na bayansa ya matso. Babu jagora a gaba da jama'a jere a baya, babu huɗuba.

Saboda haka zuciyar wannan ƙaton gini ɗaki ne guda, murabba'i, marar taga, ƙofarsa ɗaya tana duban gabas. Sunansa garbagiriha. A tsakiyarsa akwai linga, dunƙulallen dutse mai siffar ginshiƙi da kai a zagaye, wanda shi ne alamar Shiwa. Na Tanjawur yana cikin mafiya girma a Indiya, har sai masu hidima sun hau wani dandamali kafin hannunsu ya kai su kwarara masa madara da ruwa daga sama. Su kaɗai ke shiga ɗakin. Ruwan wankan yana fita ta wani indararon dutse a bangon arewa, inda masu ziyara kan tara hannu su shafa a ka. Duk hasumiyar nan da ta ɗauki hankalinka a kan wannan ɗaki take zaune. Ita ake kira wimana, kuma a fahimtarsu misali ce ta tsaunin da abin bautar ke zaune a kansa. Rubutun jikin ginin ma yana ambaton Meru ta kudu, Meru kuwa shi ne tsaunin da suka ɗauka a matsayin cibiyar duniya.

To ina taro yake? A waje. Ranar biki ana fito da gumakan tagulla masu ɗaukuwa, a yi musu ado, a ɗora su a kafaɗa ko a kan wata ƙatuwar karusar katako da jama'a ke ja da igiya, a zaga da su harabar da titunan gari. Wannan ne dalilin da ya sa zamanin Cola ya yi fice a zubin tagulla, kuma har gobe akwai maƙeran wannan sana'a a garin Suwamimalai da ke yankin. Harabar Tanjawur tana da tsawon kusan mita 240 da faɗin kusan mita 120, wato murabba'i biyu a haɗe, tana iya cin dubban mutane. Cikin ginin kuwa layi ake bi.

Wanda ya zo daga gabas zai ratsa ƙofofi biyu na zamanin Rajaraja, kowace da nata bene a kai. Irin wannan ƙofa ita ce gopuram. Ta farko an sa mata sunan nasarar da sarkin ya yi a kan mutanen Kerala, ta biyu kuma sunansa ne da kansa. A ta biyun akwai dogarai biyu na dutse a tsaye hagu da dama, kowanne ya ninka tsawon mutum sau uku, ido a zazzare, haure a waje. Ka tsaya ka dubi ƙafar ɗayansu. Ya ɗora ta a kan makaminsa, a jikin makamin kuma wani maciji ya naɗe, a bakin macijin giwa ce yake haɗiyewa, saura kai da hannunta a waje. Masassaƙin yana ba ka ma'auni ne: giwa ita ce babbar dabbar da ka sani, ga macijin da ya mai da ita loma ɗaya, ga dogarin da macijin bai fi tsutsa ba a ƙafarsa, dogarin kuma mai gadin ƙofa ne kawai, hannunsa ɗaya a ɗage yana nuni zuwa ciki. A ganina wannan ɗan lungu ya fi hasumiyar bayyana yadda maginan suke tunani.

Da an shiga harabar, takalmi a hannun mai ajiya, sai a tarar da Nandi, bajimin sa wanda shi ne abin hawan Shiwa, a gurfane cikin rumfarsa yana fuskantar ɗakin ciki. Daga dutse ɗaya aka sassaƙa shi, tsawonsa kusan mita shida. Daga nan sai matattakala, sai zaure mai ginshiƙai, sai wani babban ɗaki, sai ɗan soron da ke gaban garbagiriha, duk a kan miƙaƙƙen layi ɗaya daga gabas zuwa yamma. Kowane mataki haske na raguwa, wuri na matsewa, har a isa inda babu wani haske sai na fitilar mai. Da gangan aka tsara haka. Mai zuwa da rana tsaka ya sani cewa daɓen dutsen harabar yana ƙona tafin ƙafa, kuma a lokacin ma ɗakin ciki a rufe yake sai la'asar.

Yanzu ga batun gini. Tsawon wimana kimanin mita 60 ne, wasu ma'aunan kan kai ta 66, ya danganta da inda aka fara awo da inda aka tsaya. Gindinta murabba'i ne mai kusan mita 30 kowane gefe. Bangon gindin ya tashi a miƙe har bene biyu, daga nan sai hawa 13, kowanne ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, kowanne an kewaye shi da jerin ƙananan siffofin ɗakunan bauta. Haikalan da Cola suka gina kafin wannan yawanci hawa ɗaya ne zuwa uku. Ba a hau a hankali ba, tsalle aka yi, kuma cikin zamanin mutum ɗaya.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne cikin hasumiyar fayau yake. Wanda ya tsaya a benen da ke saman ɗakin linga ya ɗaga kai zai ga rami yana tsukewa har sama. Dabarar ita ce kowane jeri na dutse yana ɗan leƙo ciki fiye da wanda yake kai, nauyin na sama kuma ya danne wutsiyarsa kada ya rinjaya. A haka ake tafiya, jeri bisa jeri, har bakin ya kusa haɗewa a rufe shi. Nauyi da dacewar duwatsun ne ke riƙe ginin, shi ya sa sassaƙar kowane dutse sai ta zauna daram a kan ɗan'uwansa. Amfanin barin cikin fayau a fili yake: da cike aka yi shi, da nauyin ya murƙushe ɗakin da ke ƙasa.

Dabara ta biyu tana ƙasa. Ɗakin linga bango biyu gare shi, na ciki da na waje, da siririn lungu a tsakaninsu wanda ya zagaye ɗakin, shi ma hawa biyu. A saman hawa na biyu sai bangayen biyu suka riƙa matsowa juna da irin waccan dabara ta leƙe, har suka haɗe suka zama kauri ɗaya. A kan wannan kauri hasumiyar ta tsaya. Ka ga nauyin ya rabu kan ƙafa biyu ke nan, kuma ƙafafun suna riƙe da juna. Wannan ne ya sa ta shekara dubu ba ta karkata ba, kuma shi ne abin da ya kamata a riƙa yabon maginin a kansa. Sunansa ma yana nan a rubuce a bango: Kunjara Mallan Rajaraja Perundaccan.

Dutsen da aka yi amfani da shi giranit ne, irin mai taurin nan da ake fasawa a yi tsakuwar kankare. Tanjawur kuwa ƙasar laka ce da rairayin kogi, babu tsaunin da za a fasa a kusa. Masana sun fi karkata ga cewa daga wajejen Pudukkottai da Tiruccirappalli aka kwaso shi, tafiyar kilomita hamsin ko fiye. Yadda ake tsaga irin wannan dutse a wancan zamani sananne ne, domin alamunsa suna nan a tsofaffin wuraren fasa dutse na Tamil Nadu: a huda ƙananan ramuka a jere da kurfin ƙarfe, a cusa matsa a kowane rami, a yi ta bugu bi da bi har dutsen ya rabe a kan layin. Jigila kuwa aikin shanu ne da giwaye da gungumen itace da ƙarfin mutane. A nan ne ainihin tsadar take. Sassaƙa aikin gwanaye ne, amma ciyar da dubban masu jan dutse shekara da shekaru aikin daula ne.

Dutsen ƙololuwa mai kusurwa takwas, wanda aka ce tan 80 ne, a nan ƙarin gishiri ya shigo. Adadin ƙiyasi ne, kuma masanan da suka yi wa ginin awo sun nuna cewa gutsattsari ne aka haɗa aka shafe su, suka zama kamar abu ɗaya ga mai kallo daga ƙasa. Wannan bai rage wa maginan komai ba, hasali ma ya nuna suna da hankali. Labarin da ake bayarwa a yankin shi ne an tara tudun ƙasa mai gangare tun daga wani ƙauye da ake kira Sarapallam, kimanin kilomita shida daga haikalin, aka turo dutsen a kai. Wasu masana kuma suna ganin tudun zagaye hasumiyar ya yi, yana tashi tare da ita, da aka gama aka kwashe. Rubutun bangon, duk da yawansa, bai ce uffan a kan yadda aka ɗaga duwatsun ba. Ni na fi gamsuwa da na biyun, domin ai ba dutsen ƙarshe kaɗai ke buƙatar hanya ba, kowane jeri sai an kai masa nasa, kuma tudun kilomita shida aiki ne da zai kusa fin ginin kansa. Abin da rubutun ya tabbatar shi ne ranar da aka kammala: a rana ta 275 ta shekara ta 25 ta mulkinsa, Rajaraja ya miƙa tulun jan ƙarfe da aka lulluɓe da zinariya domin a kafa a can bisa.

Maganar inuwa kuwa zancen 'yan rakiyar baƙi ne. Da safe tana miƙewa yamma, da la'asar ta miƙe gabas, kowa na ganinta. Abin da ya haifar da zancen shi ne Tanjawur tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, kusan layi ɗaya da Zariya, inda a wasu watanni rana kan tsaya a tsakar ka. Gindin ginin yana da faɗi, samansa siriri, sai inuwar ƙololuwar ta faɗa a jikin hasumiyar kanta na ɗan lokaci. Iyakarta ke nan.

Wancan lungu da ke tsakanin bangaye biyu ya ɓoye abubuwa biyu. A 1931 wani malamin tarihi na Jami'ar Annamalai, S. K. Gowindaswami, ya shiga hawan ƙasa da fitila, ya lura cewa a inda fentin zamanin sarakunan Nayak, waɗanda suka mulki Tanjawur daga baya, ya ɓanɓare akwai wani zane a ƙarƙashi. Zanen Cola ne na asali, wanda aka yi a kan ɗanyen farar ƙasa, aka shafe shi da sabo bayan ƙarnuka. A ciki akwai Shiwa a kan karusar yaƙi, akwai sarki da matansa suna bauta a haikalin Cidambaram. A hawan sama kuma an jera sassaƙen Shiwa yana nuna salon rawa ɗaya bayan ɗaya, bisa lissafin tsohon ilimin rawar Indiya wanda ya ƙidaya salo 108. An sassaƙa 81. Sauran duwatsun suna nan a mazauninsu, an shirya su, kurfi bai taɓa su ba. Wannan ya nuna mana tsarin aikin: ana kafa dutse tukuna, sannan masassaƙi ya zo ya yi aikinsa a jikin bango. Ya kuma nuna cewa an ɗaga hannu kafin a gama komai.

Me ya sa a Tanjawur? Amsar tana cikin ruwa. Kogin Kaweri yana tasowa daga tsaunukan yamma, a ƙasar Kodagu, ya ratso kudancin Indiya, kafin ya faɗa Tekun Bengal sai ya rarrabu rassa-rassa. Wannan yanki na rassa, inda Tanjawur take, shi ne ƙasar Cola ta asali. Yana samun ruwa sau biyu: kogin yana cika daga watan Yuni da ruwan da aka yi a yamma, sannan daga Oktoba zuwa Disamba damina ta sauka a gabar gabas kanta. Tun ƙarnuka kafin Rajaraja akwai madatsar Kallanai da ke raba ruwan zuwa magudanai, wadda ake danganta ta ga wani tsohon sarkin Cola mai suna Karikala, kuma tana aiki har yau. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai ba da shinkafa fiye da abin da manomanta za su ci. Rarar nan ita ta zama dutse. Shimfiɗar ƙasar kuma ta sa ana hango hasumiyar daga nesa, babu tudun da zai yi gasa da ita.

Akwai kuma siyasa. Ƙasar Tamil cike take da wuraren bauta tsofaffi waɗanda waliyyan mabiya Shiwa suka yi wa waƙoƙi tun ƙarni na 7 zuwa na 9, kuma al'adar gidan Cola ita ce sabunta irin waɗannan, a rushe na bulo a mai da shi na dutse. Sarauniya Sembiyan Mahadewi ta yi suna a wannan aiki. Haikalin Tanjawur ba ya cikin waɗancan wurare. Sabon wuri ne, a babban birnin da kakannin Rajaraja suka ƙwace wajen 850, kuma sunan da ya raɗa masa Rajarajeshwaram, wato ya ɗaura sunansa da na abin bautarsa. Sarkin ya ci daulolin Pandiya da Cera, maƙwabtansa, da yaƙi, ya mamaye arewacin Siri Lanka, jiragensa sun kai tsibiran Maldibs. Rubutun bango ya faɗi ƙarara cewa wani ɓangare na zinariyar da ya bayar ganima ce daga waɗannan yaƙe-yaƙe. Dubi kuma bene na biyu na bangon waje: siffa ɗaya ce ake ta maimaitawa a gurbi bayan gurbi, Shiwa riƙe da baka, a matsayin wanda ya rushe birane uku na abokan gaba da kibiya ɗaya. Cikin dukan siffofin Shiwa, sarkin da ya shafe rayuwarsa yana yaƙe-yaƙe ya zaɓi ta mayaƙi. Biri ya yi kama da mutum.

Inda wannan haikali ya sha bamban da takwarorinsa shi ne rubutun da ya zagaye gindinsa, layi bisa layi, da harshen Tamil. Rajaraja ya ba da umarni a sassaƙa a jikin dutse duk abin da shi ya bayar, da abin da yayarsa Kundawai ta bayar, da na matansa, da na sauran masu bayarwa. Abin da ya fito littafin akawu ne na dutse. An auna kowane kwano da kowace sarƙa, an ƙirga lu'ulu'u an rarrabe mai kyau da mai tabo, an faɗi tsawon kowane gunkin tagulla. An lissafa ƙauyukan da za su riƙa kawo shinkafa, har da wasu a Siri Lanka, kowanne da faɗin gonakinsa da abin da aka cire na maƙabarta da tafki da magudanar ruwa waɗanda ba a karɓar haraji a kansu.

Dubi yadda aka tanadi fitila guda. Ana son ta riƙa ci kullum, tana buƙatar awo ɗaya na man shanu a rana. Maimakon a ajiye kuɗi a riƙa saye, sai a ba makiyayi tumaki mata 96, ko shanu 48, ko ɓauna 16, ya riƙe su kiwo. Nono da 'ya'ya nasa ne, abin da ke kansa shi ne ya kawo wannan awo na mai kowace rana, shi da zuriyarsa. An rubuta sunan makiyayin da garinsa da 'yan'uwan da suka tsaya masa. Rubuce-rubucen Cola suna kiran irin wannan garke tumakin da ba sa mutuwa ba sa tsufa, domin duk wadda ta mutu 'yarta ce ke maye gurbinta, adadin ba ya raguwa a lissafi. Kuɗin da aka tara wa haikalin kuma ba a kulle shi a taska ba, ana ba majalisun ƙauyuka rance a kan ruwan kashi ɗaya cikin takwas a shekara, wato 12.5 cikin ɗari, wani lokaci a biya da shinkafa. Da ruwan ake sayen kafur da kayan ƙamshi da sauran abin da hidima ke ci.

Sai ma'aikata, sama da 600. Mata masu rawa 400 aka tattaro daga wasu haikalai na faɗin ƙasar, an rubuta sunan kowace, da inda aka ɗauko ta, da lambar gidan da aka ba ta a titunan da ke kewaye. Rabon kowace shi ne amfanin gona weli ɗaya, wanda aka ƙiyasta da shinkafa kalam 100 a shekara. Weli ma'aunin ƙasa ne, kalam na hatsi. Akwai mawaƙa 48 masu rera waƙoƙin waliyyan Tamil, akwai makaɗa, akawuna, masu riƙe laima, masu kunna fitilu, maginan tukwane, masu wanki, wanzamai, maɗinka, kafintoci, masu duban taurari, da mai sa ido a kan maƙeran zinariya. Idan ka haɗa duka za ka ga haikalin yana karɓar hatsi daga wannan gefe ya rarraba a wancan, yana ba da rance, yana ɗaukar aiki, yana ɗaure ƙauyen da ke nesa da babban birni. A nawa ra'ayin wannan shi ne dalilin girmansa na gaskiya, ya fi zancen tan 80 nesa ba kusa ba.

Kada dai a ɗauka kowa ya ci moriyar abin daidai. Tsarin Hindu na rarrabe mutane bisa asalin haihuwa ya hana waɗanda ake ɗauka ƙasƙantattu shiga irin waɗannan wurare, alhali da yawansu su ne ke cikin taɓo suna dashen shinkafar da ke ciyar da haikalin. Sai a 1939 aka fara buɗe musu manyan haikalan Tamil, aka tabbatar da doka a 1947. A wannan shekara ta 1947 ne kuma gwamnatin Madras, mai mulkin ƙasar Tamil a lokacin, ta haramta sadaukar da 'yan mata ga haikali, domin al'adar ta riga ta lalace ta zama hanyar cin zarafinsu.

In ka ga hoton wani haikalin kana son sanin daga ina yake, dubi hasumiyar. Ta kudu, irin ta Tanjawur, dala ce mai hawa-hawa, ana iya ƙirga benayenta. Ta arewa tana tashi ne da lanƙwasa kamar kan harsashi, da wani faifan dutse mai tsaga-tsaga a samanta, irin ta Kandariya Mahadewa a Kajuraho wadda aka gina wajen 1030, ko ta Lingaraja a Bubaneshwar. A kudun ma daga baya al'amarin ya juye: ƙofofin waje suka yi ta tsawo, hasumiyar ɗakin ciki ta koma ƙarama, kamar yadda ake gani a Madurai da Sirirangam. A Tanjawur har yanzu tsakiya ce ke mulki, ƙofofi na biye.

Ɗaukakar wurin ba ta daɗe ba. Rajendra na Ɗaya, ɗan Rajaraja, bayan rundunarsa ta kai kogin Ganga, ya kafa sabon babban birni a Gangaikonda Colapuram, ya gina nasa haikalin wajen 1035, wanda hasumiyarsa ta ɗan gaza ta uban a tsawo kuma gefenta yana da lanƙwasa. Fada ta tashi, masu kuɗi suka bi ta. Wataƙila wannan ne ya bar waɗancan duwatsu 27 na salon rawa ba sassaƙa.

Saboda haka ba duk abin da ke cikin hotonka ne na 1010 ba. Na Cola su ne wimana da ɗakunan da ke gabanta, ƙofofin gabas biyu, ɗan ƙaramin ɗakin waliyyi Candeshwara da ke arewa da wimana, da katangar harabar mai rumfa wadda wani sarkin yaƙin Rajaraja mai suna Kirishnan Raman ya gina. Ɗakin matar Shiwa na zamanin Pandiya ne, ƙarni na 13. Ƙaton Nandi da rumfarsa, da ɗakin ɗan Shiwa, Subramanya, mai sassaƙa kamar saƙar zare, da ganuwa da gwalalon da suka kewaye wurin, aikin Nayak ne na ƙarni na 16 da na 17. Sarakunan Marata da suka gaje su sun ƙara nasu, har sarki Sarfoji na Biyu ya sa aka sassaƙa tarihin gidansu a bango a 1803. Sunan Birhadishwara ma daga baya ya zo.

Hukumar UNESCO ta sa haikalin cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, a 2004 ta haɗa shi da na Gangaikonda Colapuram da na Darasuram. Hukumar adana kayan tarihi ta Indiya ce ke kula da ginin, amma bauta ba ta tsaya ba, kuma baƙon da ba Hindu ba yana iya shiga harabar ya zaga. A 2010 an yi bikin cikarsa shekara dubu da masu rawa dubu a harabar. A watan Fabrairun 2020 aka sake bikin tsarkake shi, wanda ake hawa har ƙololuwa a zuba ruwa a kan tulun sama, karo na farko tun 1997. Kafin bikin sai da aka je kotu, domin wasu sun dage a yi addu'o'in da harshen Tamil, wasu suka ce da Sanskirit, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, aka gada. Babbar Kotun Madras ta amince a yi da duka biyun, haka kuwa aka yi.